Birkin da Ya Riga Ni Sallama

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka haifa mini 'yar fari ba, kuma ko na so in manta, mutanen majalisarmu ba za su bar ni ba. (Kada ku jira in faɗi sunan yarinyar. 'Yar fari ce. Har yau da take tafiya makaranta da ƙafarta, "ke" nake ce mata, in kuma ba ta kusa in ce "waccan".)

Ni jikan maƙera ne, daga wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baffa Ilu ne ya riƙe ni, kuma a gindin maƙerarsa na tashi ina yi masa zuga. Ban gaji ƙira ba, don hannuna ba shi da haƙurin guduma. Da na girma sai na samu wata tsohuwar a-kori-kura na shiga jigilar hatsi zuwa kasuwar Dawanau. Amma akwai abu ɗaya da na ɗauko daga maƙera, shi ne kunne. A miƙo mini garma ko gatari ko lauje, in riƙe shi da yatsu biyu, in ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙusa. In ya yi ƙara mai tsawo, tinnn, to ƙarfe ne na gaske. In ya yi ɗuf, in ce a mayar wa mai shi kayansa. Ranar kasuwa har jana ake yi in zaɓa wa mutane kayan noma, ni kuma in riƙa rufe ido ina karkata kai kamar wani babban likita. Gaskiya ina jin daɗin abin fiye da yadda ya kamata.

Maiɗakina, Saude, 'yar wani gari ce can arewa da mu, ta wajen Makoda. Mahaifinta, Malam Ɗayyabu, malami ne kuma manomi, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar da Baffa ya je nema mini aurenta, Malam ya ce masa, "Ni ba mota na duba ba. Na lura yaron nan tun da yake zuwa bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba. Mai kunya na ba wa." Baffa ya dawo ya maimaita mini wannan magana, kuma bai daina maimaita ta ba. Don haka ku fahimce ni: ba ni da gona mai girma, ba ni da karatu mai zurfi, kunyar nan ita ce duk abin da nake taƙama da shi a gidan surukaina.

To, kun san al'adarmu. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Da cikin ya tsufa aka zo aka tafi da Saude, ta haihu lafiya, aka ce sai ta gama wankan jego an yi arba'in za a dawo da ita. Miji mai mutunci aikinsa ya aika da itacen wanka da nama da kayan yaji, ya je ranar suna ya sunkuyar da kai, ya koma gida ya zauna. Ba a zarya gidan surukai. Kuma a kan ɗan fari ba a ganin haƙoranka.

Ranar suna na yi abin a yaba. Na zauna can gefe a kan tabarma ina kallon yatsun ƙafata har aka watse. Da muka dawo gida, taubashina Garba, wanda Allah ya halitta don ya riƙa tsokanata, ya tambaye ni a majalisa ko jaririyar da ni take kama.

Na ce, "Wace jaririya?"

Aka yi dariya. Garba ya ce, "Mu dai zuba ido. Ba za ka yi mako guda ba sai an tsince ka a ƙofar gidan Malam kana leƙe."

Na daki ƙirji a gaban kowa, har da Baffa da ke wasa lauje, na ce, "Ni? Ni da garin nan sai an yi arba'in an kawo mini iyalina har ɗaki. Mu ba irin mazan yanzu ba ne."

Abin da ban gaya musu ba shi ne, ranar sunan wata gwaggon Saude ta fito da jaririyar zaure a naɗe cikin zane ta miƙa wa abokaina. Ni ban duba ba. Wato ban duba sosai ba. Ta wutsiyar ido na ga wata 'yar mitsitsiyar ƙafa ta zamo daga cikin zanen ta yi shuri. Shi ke nan. Tun daga ranar in na kwanta ƙafar nan nake gani. Ina son yarinyar nan so mai tsanani, kuma babu wanda zan iya gaya wa. Waya ma babu dama, don garinsu ba a samun sabis sai an hau tudun makaranta, ga shi Inna, mahaifiyar Saude, ta karɓe wayarta ta ce mai jego ba ta yini da waya a kunne.

A nan ne birki ya shigo maganar. Kafin a shiga garin su Saude akwai wani kwari mai gangara, da 'yar ƙorama a ƙasansa. Ranar sunan, da na ɗebo matan gidanmu, ina gangarawa na ji ƙarfe na gurzar ƙarfe, motar kuma tana tafiya kamar ba ni na taka ta ba. Allah ya kiyaye dai. Bayan biki na kai wa Ado bakanike, ya cire taya ya zaro wasu 'yan faranti biyu da suka suɗe har ƙashi. Ya ce fad ɗin birki ne, su ne ke matse faifan da ke cikin taya in an taka, kuma nawa sun gama aiki. Ya ba ni ɗaya ya ce in je kasuwar Ƙofar Ruwa in nuna, a ba ni irinsa.

Mai shagon da na shiga wani dattijon Alhaji ne mai tabarau. Ya juya samfurin a hannu, ya shiga ciki, ya fito da kala uku ya jera mini a kan kanta.

Ya taɓa na farko ya ce, "Wannan mai laushi ne. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, amma in kana ɗaukar kaya mai nauyi ba zai daɗe ba." Ya taɓa na biyu. "Wannan tsaka-tsaki ne, shi masu irin motarka suka fi ɗauka." Sannan ya ɗaga na uku, mai nauyi, yana ta ƙyalli da ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikinsa. "Wannan kuwa ƙarfe ya yi yawa a cikinsa. Yana daɗewa ƙwarai, sai dai..."

Na ɗaga masa hannu. (Ku ji fa. Mutum ya shekara da shekaru yana sayar da abu, na ɗaga masa hannu.) Na zaro ƙusar da ba na rabuwa da ita a aljihu, na ɗauki na farko da yatsu biyu, na rufe ido, na ƙwanƙwasa. Ɗuf. Na ajiye shi da sauri kamar ya ƙona ni. Na biyu ya ɗan yi ƙwal, ya mutu. Na ukun kuwa, jama'a, tinnn! Sai da yaran shagon maƙwabta suka waiwayo.

Na ce, "Alhaji, naɗe mini wannan. Jikan maƙera ne ni."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, ai kai ka san ƙarfe." Ya naɗe mini. Bai ƙarasa "sai dai" ɗinsa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ado ya ɗaura, muka fita gwaji, na taka. Motar ta tsaya cak, amma da wata 'yar ƙara, kiiii. Ado ya ce, "Sabo ne, bai zauna ba. Ka ba shi kwana biyu." Ni ko a jikina, don a wajena ƙarfen kirki dama magana yake yi. Kuma ku tuna, a cikin a-kori-kurata nake, gilashi a rufe, inji na ruri, ƙofar baya na kaɗawa, rediyo na tashi. Daga inda nake zaune ƙarar ba ta wuce kukan ɓera a rumbu ba.

Washegari na ce wa kaina, sabon birki ai sai an gwada shi a gangara ta gaske. Na yi ta tunani, na duba gabas na duba yamma, sai na ga duk ƙasar nan babu gangarar da ta kai ta kwarin garin su Saude. (Wallahi a lokacin har na yarda da kaina cewa birkin zan gwada.)

Ga yadda na tsara abin. Bayan la'asar in ce wa Baffa zan leƙa Dawanau in ji farashi. In fita ta hanyar kudu kowa na gani, in na ɓace sai in zaga ta bayan gonaki in miƙe arewa. In gangara kwarin a hankali, ƙafata a kan birki tun daga sama har ƙasa, in haye ƙorama, in cusa motar ƙarƙashin wata ɗorawa. Lokacin dawa ta yi tsayi ta fi mutum, gonaki kuma a haɗe suke har jikin gidaje. Sai in bi ta cikin dawa a sunkuye har bayan gidan Malam, inda dangar kara ta ɗan buɗe kusa da wata bishiyar zogale.

Ranar farko ban san ma me zan yi a wurin ba. Na tsaya kawai a gindin zogalen. Ban daɗe ba sai ga Saude ta zagayo bayan ɗaki, da kwalli a idonta, da jaririya a kafaɗa. Ta zo jikin danga ta gaishe ni a hankali, ta buɗe zanen. Na zura hannu ta kafar dangar, yarinyar ta kama ɗan yatsana ta riƙe gam. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce wa Saude hayaƙin murhu ne.

Na ce, "Ina Malam?"

"Ya tafi masallaci."

"Inna fa?"

"Ta shiga maƙwabta aron rariya."

Na ce a raina, kai, Allah yana sona. Na koma washegari. Malam ya tafi masallaci, Inna ta shiga maƙwabta aron rariya. Na sake komawa, haka. Kullum ina isa, ba na minti nawa sai ga Saude da kwallinta. Ko a cikin dawa ban taɓa yin kiciɓis da kowa ba. Sau ɗaya na hango wata tsohuwa tana tsinkar rama, amma daidai lokacin ta juya baya. Wata rana kuma wani dattijo ne a bakin hanya, sai ya ɗaga kai ya shiga duba zangarniyar dawarsa da natsuwa har na wuce. Na riƙa yaba wa kaina. Har tunani na yi, da aikin leƙen asiri na shiga da yanzu na yi nisa.

Na taɓa tambayar Saude, "Wai ya ake yi kike sanin na zo?"

Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Jikina ne yake ba ni."

Ranar nan da ƙyar na shiga mota don kumburin kai. Da dare a majalisa Garba ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Kai dai dutse ne. Na sallama maka." Na ce masa tarbiyya ce, ba kowa ake ba wa ba.

Asirin ya fara warwarewa ne ranar da Garba ya ari motar zai kwaso dammunan gero daga gonarsu ta nesa. Ni da Baffa muna tamu gonar muna yanka. Gari shiru, sai kukan kurciya. Can sai na ji wani abu ya tsaga sararin Allah daga nesa, kiiiiiiii, dogo, siriri, mai shiga haƙori. Tsuntsaye suka tashi daga cikin dawa. Wani jaki ya amsa daga ƙauyen gaba.

Baffa ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ga motarka can ta dawo."

Na miƙe na duba. Babu mota. Sai da na daɗe a tsaye sannan na hango ƙurarta can bayan tsohuwar rijiya. Ashe wannan ne abin da nake ce wa kukan ɓera. Kuma wannan a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke nan, Garba ya ɗan taɓa birki don rami. To ni da nake danne shi tun daga saman kwari har ƙorama fa? Amma ɗan Adam da son ransa, nan take na lallashi kaina. Na ce ai kwarin yana da zurfi, ƙarar a ciki take tsayawa. Da sun ji, da na ga alama. Duk da haka gari na wayewa na nufi Ƙofar Ruwa.

Alhajin ya gane ni. Na gaishe shi da ladabin da ban yi ba a zuwan farko, na ce, "Alhaji, rannan ka ce sai dai, ban bari ka ƙarasa ba."

Ya ce, "Sai dai yana kuka. Kuma yana cin faifai in ba don shi aka yi faifan ba."

Na ce a ba ni wanda ko numfashi ba ya yi. Ya ce tun da ina lodin hatsi in ɗauki tsaka-tsakin nan, in Ado ya goge faifan ya ɗaura shi daidai ba zan ji komai ba. Hannuna ya tafi aljihu da kansa ya zaro ƙusa. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya yi ƙwal ya mutu. Kakannina suna kallo daga kabari na karɓi ƙarfen da ba ya amo, na fita.

Aka ɗaura. Da yamma na gangara kwarin nan, na taka birki, shiru. Motar ta riƙe sumul, ko ƙis babu. Na yi hamdala, na ce yanzu ne ma zan yi ɓuya ta gaske. Na bi ta cikin dawa na isa gindin zogale na tsaya.

Babu Saude.

Na jira. Daga cikin gida ina jin Inna tana daka. Can sai na ji tarin Malam, ba a masallaci ba, a nan jikin dangar, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba, yana alwala. Na durƙushe na riƙe numfashi. Wata akuya ta zo ta kama gefen rigata tana tauna, ban isa in ce mata kai ba. Jaririyar ta yi kuka a ɗaki, ina ji, babu yadda zan yi. Sai da aka kira magariba na rarrafa na koma mota, sauro ya gama da ƙafafuna.

Na koma washegari, haka. Na sake komawa, haka. A nan ne tsoro ya kama ni da gaske. Na ce shi ke nan, sun gano. Malam ya hana ta fitowa. Mutumin da ya ce mai kunya ya ba wa 'yarsa, yau ya san surukinsa ɓarawon danga ne. Na daina zuwa. Abinci ya fita raina, na koma zaman maƙera ina yi wa Baffa zuga ba tare da ya sa ni ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, kuma maƙera cike take, don lokacin girbi kowa na kawo lauje a wasa masa. Garba na nan, 'yan majalisa na nan. Sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, wani dattijo ya sauko da farar riga, da gora a hannu ɗaya da ƙullin fura a ɗayan. Malam Ɗayyabu.

Na zabura na tuɓe takalma, na je jikin bango na tsuguna, kaina a ƙasa. Baffa ya ajiye guduma, aka shimfiɗa tabarma, suka shiga gaisuwa irin ta manya, ta gida, ta gona, ta ruwa, ta masu jego. Ni kuwa ina tsugune ina jiran a yanke mini hukunci. Sai na ji Malam ya ɗan juyo wajena, ya ce wa Baffa, "Alhamdu lillahi. Ashe jikin da sauƙi."

Baffa ya ce, "Jikin wa, Malam?"

"Na yaron nan. Ga rubutu ma na taho masa da shi. Innarsu ce ta tayar da hankalin kowa, ta ce ko ciwo ne ko hatsari, lallai in zo in gani da idona. Tun farkon mako ba a ji motar ta gangaro kwari ba. Ita kuma mai jegon ta daina cin abinci, kullum da yamma sai ta zauna tana kasa kunne."

Wanda ke wasa lauje ya tsaya. Wutar maƙera ma kamar ta yi shiru.

Baffa ya ce, "Wane kwari?"

"Namu mana."

"Ai yaron nan Dawanau yake zuwa da yamma. Jin farashi."

A nan Malam ya gane abin da ya yi. Bawan Allah, shi a zatonsa abin da garinsu duka ya sani, namu ma ya sani. Ya shafa gemu, ya dubi sama, ya dubi gorar rubutunsa, ya ce a hankali, "To... ai da damina... wataƙila ta wajenmu hanyar ta fi kyau."

Garba, Allah ya shirye shi, ya ce cikin ladabi, "Allah gafarta Malam, Dawanau fa tana kudu."

Baffa ya ce, "Kai, rufe mana baki!" Amma na ga kafaɗunsa suna rawa. Babu wanda ya isa ya yi dariya a gaban Malam, don haka kowa ya riƙe tasa, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Wani ya cusa hula a baki. Wani ya tashi da gudu ya zaga bayan bango, muna jin sa yana shiɗewa. Ni kuwa ina tsugune, na ƙura wa wata tururuwa ido, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Dutse. Ba irin mazan yanzu ba. Wace jaririya. Duk maganganuna suka dawo suka tsaya a kaina ɗaya bayan ɗaya.

Da Malam ya tashi tafiya, Baffa ya sallami ɗan acaɓan, ya dube ni ya ce, "Tashi ka kai surukinka gida. Ai ka san hanya."

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba. Malam na gefena yana jan carbi, ni na riƙe sitiyari da hannu biyu kamar ranar na fara koyon tuƙi. A haka muka iso saman kwarin. Na taka birki, muka gangara shiru.

Malam ya karkata kai ya saurara. Ya ce, "Af. Ashe gyara ta ka yi."

Na ce, "E, Baba."

"Ka kyauta wa jaririya, tana firgita. Amma mu ka ɓata mana tsari." Ya ci gaba da cewa, "Da mun ji ta daga saman tudu, ni sai in ɗauki buta. Tun rana na sama nake zuwa jiran magariba, har liman ya fara yaba mini a gaban mutane. Innarku kuma ta are rariyar maƙwabta har sun ce ta riƙe kawai. Ita mai jegon ta samu lokacin sa kwalli. Da ka zo shiru, wa zai san ya kamata ya kauce?"

Na tsayar da motar a bakin ƙorama, don idona ya cika ba na ganin hanya. Na ce, "Baba, a yafe mini. Na zubar da mutuncina a wajenku."

Ya ce, "Me ka zubar? Marar kunya ta ƙofa zai shigo yana washe baki. Kai ka zaga ta cikin dawa sauro na cin ka. Kunyar ce ta kai ka bayan danga, mu ma ita ce ta kai mu masallaci. Yanzu tun da garinku ma sun ji, sai dukkanmu mu huta. Ja mu je, a ƙofar gida za ka tsaya."

A ƙofar gida na tsaya. Wasu mata da ke dawowa daga rijiya suka dubi motar, na ji ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta, "Yau Mai Sallama ba ta yi sallama ba." Ashe har suna suka sa mata. Don haka dole na buɗe bakina na yi sallamar da kaina a zauren da na yi ta zagaye wa. Aka amsa daga ciki. Saude ta fito da jaririya, ta rame kaɗan, babu kwalli. Malam ya dube mu, hannunsa ya kai kan buta don sabo, ya tsaya, ya yi murmushi, sannan ya ɗauke ta ya fita duk da haka, ko azahar ba ta yi ba.

Na ce wa Saude, "Jikinki ne yake ba ki, ko?"

Ta sa mini yarinyar a hannu, karo na farko ba danga a tsakaninmu. Ta ce, "Da na gaya maka gaskiya, da ka daina zuwa."

Tsofaffin fad ɗin nan masu amo suna nan har yau. Baffa ya karɓe su daga wajen Ado ya rataye a bakin maƙera, in yana nemana sai ya ƙwanƙwasa ɗaya da guduma, tinnn, majalisa ta amsa da "Wace jaririya?" Ni kuma yanzu in zan sayi kayan birki, ƙusata tana aljihu, kuma in mai shago ya ce "sai dai", sai ya ƙarasa nake magana. Abu na biyu da na koya ya fi wannan. In kana ɓoye wani abu a ƙauye, ka ga komai na tafiya sumul, kowa na juya baya daidai lokacin da za ka wuce, to kada ka yaba wa wayonka. Je ka gaishe su, sun gaji da aron rariya.